Zubin Ƙarshe na Labaran Mazubi

Labaran Mazubi taubashina ne. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Shi yana ce mini baiwa, ni ina ce masa mai kan tulu, saboda Allah ya ba shi babban kai, ba laifi. Ni sunana Asibi, daddawa nake yi a Doguwa, kuma in ka ji ana cewa bakina ba ya shiru, ba ƙarya aka yi mini ba. Sau ɗaya na yi shiru a rayuwata, labarin da zan bayar ke nan.

Sunan nan Mazubi ba na Doguwa ba ne, daga Riruwai muka taho da shi. A can gindin duwatsu akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ruwa ke wankowa cikin rafuka, shi ne yashin kuza. Maƙeran gari dukan ƙarfe suke yi, su sa a wuta su buga. Kakanninmu kuwa ba sa bugu. Narka yashin nan suke yi a tanderu har ya zama ruwa fari fat, sannan su zuba. Za a kwaɓa toka a yi 'yar katanga da ita, a soka tsinkayen gamba a jere, in ta sha iska a zare tsinkayen, sai ramuka su saura. Cikin ramukan nan ake zuba ruwan kuza. In ya huce a fasa tokar, sai ga tsinkaye na farin ƙarfe suna ƙyalli. Ana ɗaure su ɗari-ɗari, fatake su kai Kano, maƙeran fari su saya su yi ado da su. Shi ya sa aka ce musu Mazuba, ɗaya kuma Mazubi. Mazanmu suna cewa kakan kakansu daga gabas ya taho da sanin. Ni dai ban ga wanda ya rako shi ba.

Kakanmu yana da 'ya'ya maza huɗu, kuma yana tsoron su watse bayan ransa. Sai ya yi wata dabara da yake gani hikima ce: ya raba musu sana'ar. Babban ya koya masa ginin tanderu, na biyu ƙona gawayi, na uku zuga wuta, autan kuma, wato uban Labaran, ya koya masa zubin kansa. Ba wanda aka nuna wa aikin ɗan'uwansa, wai don kada wani ya ce zai iya shi kaɗai. Haka 'ya'yansu ma suka tashi, kowa da guntun da ubansa ya riƙe.

Ina da shekara goma sha biyu, Labaran yana da sha huɗu, aka aiko daga wurin Turawa cewa abin da ke cikin ƙasa ya zama na hukuma, kada wanda ya ƙara hura tanderu. Aka zo aka rushe guda biyar da ke bayan unguwarmu, muna tsaye muna kallo. Abin da kakanmu ke tsoro ya faru tun kabarinsa bai daɗe ba. Gidan gini suka koma Tudun Wada, gidan gawayi suka nufi Ɗansoshiya, gidan zuga suka yi nisa har Bebeji, mu kuma muka sauko Doguwa. Lokacin da muke Riruwai, gida talatin da wani abu ke amsa sunan Mazubi.

Labaran ya girma manomi, kamar kowa. Dawa da gero, ɗan gyaɗa a gefe. Da rani yakan koma Riruwai ya yi leburanci a wurin kamfanin Turawa masu haƙar kuza, ya wanke yashin kuza da ƙwarya, ya ga ana ɗura shi a buhu ana lodawa a mota. Bai taɓa ganin inda ake kai shi ba. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana in ba da ni ba, ba ya faɗa, ba ya cin goro. Matarsa ɗaya, Kulu, suka haifi bakwai, shida suka koma, namiji ɗaya ya tsaya, Zailani.

Sau biyu kacal Labaran ya taɓa zuba ruwan kuza kafin a hana, shi ma ubansa na riƙe da tsintsiyar hannunsa. Amma hannun bai manta ba. In ya ɗauki ludayi zai zuba koko, sai ya ɗaga shi sama, kokon ya sauko siriri kamar zare, ya shiga bakin kwalba ko ɗigo bai ɓata ba. Kulu takan yi mita, wai mutum zai sha koko sai ya yi wasa da shi. Ni kuwa nakan ce masa, “Mai kan tulu, gadon da aka bar maka ke nan, zubin koko.” Yakan yi murmushi ya ce baiwa ba ta san darajar iyayen gidanta ba.

Shekarar da aka yi ƙidaya, Zailani ya sami aikin yaron mota a wata babbar mota da ke ɗaukar kaya zuwa Kano. Lokacin ya ba shekara ashirin da biyar baya, yana da mata da 'ya. Ya zo gida da katin aiki yana nunawa. Labaran ba ya karatun boko, sai ya ce a karanta masa. Zailani ya karanta: Zailani Doguwa.

Labaran ya ce, “Ina sunan gidanku?”

Zailani ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, malamin da ke rubutawa ya tambaye ni, na ce Mazubi. Ya ce me muke zubawa. Na rasa abin da zan ce masa, mutane suna ta dariya. Sai na ce ya sa sunan gari.”

“Ai na sha gaya maka.”

“Ka gaya mini, Baba. Amma ban taɓa gani ba. Ko tsinke ɗaya babu a gidan nan. Ni da zan gani da idona, da na san abin da zan faɗa.”

Ba rashin kunya ya yi ba, gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta yi wa Labaran ciwo. Kulu ta ce mini kwana biyu bai taɓa tuwo ba. A rana ta uku ya ce mata zai yi zubi, ko sau ɗaya ne, a gaban ɗansa, kafin ya mutu. In Zailani ya ga tsinken kuza ya fito daga toka a hannun ubansa, zai koma ya sa a gyara katin.

Damina uku ya yi yana tara yashin. Ba daga wurin kamfani ya ɗebo ba, bai taɓa ɗaukar abin wani ba. Wani ɗan rafi ne a bayan dutse, in an yi ruwa mai ƙarfi sai ya je da ƙwarya ya yi ta tacewa, wani lokacin ya dawo da cikin tafi ɗaya, wani lokacin hannu wofi. Yana zubawa a tulu, ya binne a ƙarƙashin rumbu, don in aka gan ka da shi sai ka kwana a gaban alkali. Da damina ta uku ta wuce, tulun ya cika. Na zubi ɗaya ne, ba zai kai biyu ba. Shi kansa kuma ya fara tari, gwiwoyinsa sun fara ƙi.

Saura ya tattaro sauran guntayen sana'ar. Ranar kasuwar Doguwa, ana gobe zai tashi, ya tsaya a gaban faifan daddawata yana sallama da mutane. Ba a faɗin abin da zai je yi a fili, amma na sani, Kulu ba ta ɓoye mini komai. Na ce masa, “Za ka ci dajin Falgore neman masu sani, ni ba za ka tambaye ni komai ba?”

Ya dubi mazan da ke wurin, ya yi dariya, ya ce, “Ku ji baiwa. Me kika sani ban da warin kalwa? Sunan nan ta wurin maza yake bi, Asibi. Ke 'yar mace ce, ko ƙurar tanderu ba ki gada ba.”

Aka kwashe da dariya. Wasan taubasai ne, na sha faɗa masa abin da ya fi wannan muni ya shanye. Amma ranar abin ya soke ni. Na tashi tsaye na ce, “Na rantse da Allah, ba zan buɗe baki a kan maganar nan ba sai ka zo har ƙofar ɗakina ka tambaye ni.” Ya ce, “To, ki zauna jira.” Ya ɗauki daddawa ɗaya ya jefa a aljihu ya yi gaba.

Ga abin da na sani. Kakanmu ya raba sana'a huɗu, amma biyar ce. Ta biyar ba a lissafa ta ba, don aikin mata ne. Ƙasar da ake gina tanderu da ita, mata ke kwaɓawa a cikin gida, maza su zo su tarar da ita a shirye su ɗauka. Ba su taɓa tambaya ba, su a ganinsu yumɓu ne da ruwa. Uwata Turai ce ke shugabantar aikin, ni kuma tun ina da shekara takwas nake taka ƙasar nan da ƙafata. Ba yumɓun bakin rafi ba ne. Ƙasar suri ce, a haɗa da tsingaron tsohuwar tukunya da aka daka ya yi laushi, da kashin jaki busasshe. Ba a kwaɓa ta da ruwa zalla, sai da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. A rufe ta da ganye kwana bakwai, kowace safiya a buɗe a taka. Ita ce ke jure wutar da ke narka dutse. Matan da suka san wannan duk sun yi aure sun bi mazajensu, ba ɗaya da ake kira Mazubi, kuma a iya sanina duk sun mutu sai ni.

Labaran ya yi kwana arba'in a tafiya, shi da jakinsa. Labarin hanyar daga bakin Kulu na ji shi, da kuma bakin waɗanda ya taho da su. Ya ratsa daji tare da wasu Fulani masu komawa arewa da shanu, su suka riƙa ba shi nono har ya fita. A Tudun Wada ya sami gida uku da ke amsa sunan. Babbansu sunansa Uba, ɗan mai ginin tanderu, ya girmi Labaran da shekara biyar, rumbu yake gina wa mutane. Ya ce yana tune da tsayin tanderu da faɗinsa da inda ake huda shi, zai zo. A Ɗansoshiya gida biyu ne, dattijon ya rasu, amma ɗansa Sani ya gaji ƙona ƙirya, sai dai garin duk Sani Mai Gawayi suke ce masa, shi ma ya saba. Ya yarda zai zo. An ce wa Labaran akwai gida ɗaya a Kiru. Ya je ya tarar da tsohuwa ita kaɗai da jikokinta mata, mazan sun tafi ci-rani shekara shida ba labari. Ya gaishe ta ya wuce, bai tambaye ta komai ba. Har yau ina tunanin ko ita ma ta taɓa taka ƙasa.

A Bebeji ya sami Baffa Balarabe, wan ubansa na gidan zuga, shi kaɗai ya rage a cikin 'ya'yan kakanmu. Ya haura tamanin, idonsa ya tafi. 'Ya'yansa 'yan kasuwa ne masu rufin asiri, sun daɗe da ajiye sunan, ba sa son a tuna musu. Suka ce tsoho ba zai je ko'ina ba. Tsohon ya sa aka ciro masa zugazugansa na fatar akuya daga cikin rufin ɗaki, ya shafa musu man shanu, ya ce a ɗora shi a jaki. Da Labaran ya dawo ya ƙirga wa Kulu da yatsunsa: uku a Tudun Wada, biyu a Ɗansoshiya, ɗaya a Kiru, ɗaya a Bebeji, biyu a nan Doguwa. Gida tara, daga talatin da wani abu.

Bazara ce lokacin, ɗorawa ta nuna. Suka zaɓi wani kwari a bayan dutse, inda hayaƙi ba zai tona musu asiri ba. Washegari na ga jakin Uba ya wuce ta ƙofar gidana da mangala cike da ƙasa. Na fito kamar zan gaishe shi, na sa hannu na murza. Yumɓun bakin rafi ne, mai santsi, irin na tukunyar ruwa. Na san ba zai jure wuta ba. Uba ya ce, “Asibi, ƙasar yanzu ba ta kama hannu kamar ta da. Ko ni ne na tsufa?” Na buɗe baki ke nan, sai ga Labaran daga baya yana cewa, “Yaya Uba, kada ka tsaya da baiwa, za ta shafa maka wari.” Sai na mayar da bakina na rufe.

Kada a ce ban damu ba. A ranar na ɗauki fartanya na je na sari suri. Na fasa tsohuwar tukunyata na daka, na tsinci kashin jaki, makuba kuwa ga ta nan tuli a gidan mai daddawa. Na kwaɓa a bayan ɗakina na rufe da ganye. Kowace safiya in buɗe in taka, da tsufana, gwiwa na ƙara. Lissafina shi ne tanderunsu zai tsage tun yana bushewa, Labaran ya rasa yadda zai yi, ya tuna maganata, ya zo ƙofar ɗakina. Ni kuma in ja shi bayan ɗaki in yaye ganye in ce, ga abin da baiwa ta sani. Har na shirya irin dariyar da zan yi masa.

Tanderun bai tsage ba. Uba gwani ne, ya gina shi a hankali, ya bushe a inuwa, 'yan tsagar da suka fito ya lilliƙe su. Kulu ta zo tana murna tana ce mini ya yi kyau kamar sabon rumbu. Sau biyu Labaran ya wuce ta ƙofata a kwanakin nan. Ina zaune a kan turmi ina kallonsa. Ya ce, “Baiwa, har yanzu jiran ake?” Na ce, “Har yanzu, mai kan tulu.” Ya wuce yana dariya, ni ma na yi dariyar. Na riƙa gaya wa kaina cewa wataƙila yumɓun zai jure, wataƙila tsofaffin mata ne suka wahalar da kansu a banza. Na san ƙarya nake yi wa kaina.

Aka sa rana daidai da zuwan motar su Zailani, don kwana ɗaya take yi a Doguwa ta juya. Mata ba sa matsawa kusa da tanderu in an hura shi, haka muka tarar. Sai na ɗauki ƙugiyata kamar mai zuwa kaɗar ɗorawa, na hau gangaren da ke kallon kwarin, na tsaya a gindin wata bishiya. Daga nan ina ganin komai. Sun hura wuta da hantsi. Sani yana zuba gawayi, ya zuba yashin kuza da aka dunƙule, ya ƙara gawayi. Baffa Balarabe yana zaune da zugazugai a tsakanin ƙafafunsa, makaho, amma da ya fara sai na ji sautin da nake ji ina yarinya, bai canja ba. In ya gaji Uba ya karɓa, tsohon yana buga masa cinya yana gyara masa. Labaran yana durƙushe gefe da katangar tokarsa, ya zare tsinkayen gamba, ramuka ɗari suna jira. Zailani yana tsaye a baya da wandon kaki, hannu a aljihu.

Rana ta take tsaka, wutar ta sake launi. Na ga Labaran ya leƙa ƙasan tanderun, inda aka yi 'yar hanya zuwa kasko. Wani abu fari ya leƙo, ya gangaro kaɗan. Na ji muryarsa har inda nake: “Zailani, matso.” Zailani ya cire hannu daga aljihu ya matso.

Sai na ji ƙara, ba mai yawa ba, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Tsaga ta tashi daga gindin tanderun har bakinsa. Uba ya yi salati. Ɓangare guda ya fara buɗewa, wuta na fita ta jiki. Kowa ya ja da baya sai Labaran. Shi gaba ya yi, ya sa kafaɗa da hannu zai tare bangon, kamar wanda ke tare ƙofa. Bangon ya rufto, garwashi da duk abin da ke ciki suka zubo masa a ƙafa. Zailani ne ya finciko shi. Yashin damina uku ya bi ƙasa, rabi ya narke rabi bai narke ba, ya cakuɗe da toka da tsakuwa. Baffa Balarabe bai ga abin da ya faru ba, ya ci gaba da zugawa har sai da Sani ya riƙe masa hannu.

Zailani ya goyo ubansa har gida. Ya zauna da shi yinin nan, ya nemo mai magani, ya yi kuka, yaron kirki ne. Da safe mota ta yi ƙaho, ya durƙusa ya yi sallama ya tafi, don mota ba ta jiran kowa. Ba wanda ya tayar da maganar kati. Bayan kwana biyu baƙin suka kama hanya. Uba ya tafi yana cewa laifinsa ne, hannunsa ne ya lalace, har ya rantse ba zai ƙara gina ko rumbu ba. Ina ji yana faɗa, na bar shi ya tafi da wannan nauyin.

Ƙunar ta ci tun daga gwiwa har tafin ƙafa, ga hannun dama ma ya samu. Aka yi ta shafa magani, ƙafar ta ƙi, ta kumbura ta fara wari. Ina aika kunu, amma na kasa shiga. Sai a rana ta shida, bayan la'asar, na daure na je. Kulu ta ba mu wuri. Yana kwance a kan tabarma, ya rame, kan nan nasa ya ƙara girma a kan siririn wuya. Ya gan ni ya yi ƙoƙarin murmushi.

Na ce, “Labaran, ba wasa ya kawo ni ba. Ba hannun Yaya Uba ba ne. Ƙasar ce.”

Na gaya masa duka, suri da tsingaro da kashin jaki da makuba da kwana bakwai. Ya rufe ido yana saurare. Da na gama ya ce in sake, na sake. Yana bin bayana da leɓe, kamar mai hadda.

Ya ce, “Ashe abin da Gwaggo Turai ke yi ke nan a bayan rumbu. Mu muna cewa wasan mata ne.”

Na ce, “Shi ne.”

Can ya ce, “Tun yaushe kika tuna?”

Na ce, “Ban taɓa mantawa ba. Akwai kwaɓaɓɓiya a bayan ɗakina, ta isa tanderu guda. Tun ranar da aka fara gini na kwaɓa ta.”

Ya buɗe ido ya dube ni. “Kin san zai fashe?”

“Na sani.”

“Kulu ta ce an gan ki a gindin ɗorawa.”

“Ina wurin.”

Na so ya zage ni. Da ya ɗaga murya, da na sami abin da zan mayar, ko in yi kuka mu rabu. Bai yi ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce, “Na yafe, Asibi. Ni ma ai bakina ne ya jawo mini.” Sannan ya juya fuskarsa bango ya ce in turo masa Kulu ta ba shi ruwa. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Na sake zuwa sau uku, zazzaɓi ya riga ya ɗauke shi, bai san wanda ke kansa ba. Ya cika ranar Talata da hantsi, kwana goma sha biyar bayan fashewar tanderun.

Zailani ya zo sadakar bakwai. Na ja shi gefe na ce akwai abin da ya kamata ya sani na gidansu, na fara lissafa masa. Ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa, har na kai ƙarshe. Ya ce, “Allah ya jiƙan magabata, Gwaggo.” Ya kwashe matarsa da 'yarsa ya koma Kano da su, can yake har yanzu, Zailani Doguwa, direba. Baffa Balarabe bai ga ƙarshen daminar nan ba. Gidan Kiru an ce ya rushe. Da na tambayi wani mai zuwa Tudun Wada bara, ya ce akwai gida ɗaya da tsofaffi ke kira gidan Mazuba, amma mutanen ciki ba su san dalili ba.

Bayan an share makoki na je wurin limamin unguwarmu. Na ce masa na yi rantsuwa ba zan faɗi wata magana ba sai an tambaye ni, ga shi na faɗa ba a tambaye ni ba, mene ne a kaina? Ya ce in ciyar da miskinai goma ko in tufatar da su, in ba ni da hali in yi azumi. Ya san halina, sai ya ce azumin ya ishe ni. Na ce na wata nawa? Ya ce ba wata ba ne, kwana uku ne. Na ce, Malam, ko da tun farko na karya ta, kwana ukun ne? Ya ce kwana ukun ne.

Na fara ranar Litinin, na gama ranar Laraba. Ko yunwa ban ji ba.